Kwana Biyu a Tsibirin Malta: Me Za a Ɗauka, Me Za a Bari?

Ɗan yayata da ke aikin jinya a Ingila ya kira ni wata Laraba da daddare. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Kawu, a watan Oktoba zan samu Asabar da Lahadi ba aiki, har da yammacin Juma'a. Ina so in kai iyali Malta. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta san ko'ina ba sai gida da kanti. Na rubuta wuraren da za mu je, ka duba mini, tunda ka san wurin." Na ce masa Allah ya yi albarka, domin namijin da ya tuna cewa matarsa ma tana gajiya ya yi abin a yaba masa. Da saƙon ya shigo na ƙirga, wurare goma sha huɗu ya jera, a tsibirai uku, cikin kwana biyu.

Na soke goma, na bar masa huɗu, kuma dalilin sokewar ne ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina shirin hutun ƙarshen mako aikin ragewa ne. Wanda ya cika takardarsa da sunaye zai dawo da hotuna cike da waya, da ciwon ƙafa, da fushin matarsa, amma in ka tambaye shi su wane ne mutanen garin, me suke ci, da wane baki suke magana, sai ya yi shiru. Ba a tauna taura biyu, balle goma sha huɗu.

Kafin a kai ga tsibiri, akwai takarda. Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen a ƙarshen 2007, ta koma kashe Yuro a 2008. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar sai da biza zai shiga, kuma takardar zama a Ingila ba ta ɗauke masa wannan nauyi, tunda Ingila ba ta cikin Shengen. Wanda ke da izinin zama a Jamus ko Italiya ko Faransa shi ne zai ɗauki jaka ya wuce kai tsaye. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanin asusun banki. A ƙa'ida kwana 15 ake yi a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45, kuma an yarda mutum ya nema tun saura wata shida. Wato Bature na iya yanke shawara ran Alhamis ya tashi ran Juma'a, mu kuwa hutunmu na kwana biyu yana farawa ne wata uku kafin ranar. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma ɓacin rai ba ya buga hatimi a fasfo, don haka na ce wa yaron ya nemi ranar ganawa tun yanzu, kuma kada ya biya kuɗin otal ɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Ga wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi kuwa, gaskiya ɗaya ce: wannan tafiya ba ta ƙarshen mako ba ce. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga gida ya dire ka Malta. Sai ka yada zango a Istanbul ko wani birnin Turai, kwana guda ya tafi a zuwa, guda a dawowa. In za ka je, ka haɗa ta da wata tafiyar aiki ko ziyara, ko ka ware mako. Daga Landan kuwa awa uku da 'yan mintoci ne a sama, daga birnin Rum kamar awa ɗaya da rabi.

Abin da ya yaudari ɗan yayata shi ne taswira. Ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ce, ba ta kai birnin Kano da kewayensa ba. Babban tsibirin tsawonsa kilomita 27 ne, bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Sai mutum ya ɗauka kafin azahar ya zagaye shi. Amma mutane fiye da rabin miliyan ne ke zaune a wannan ɗan fili, ga baƙi fiye da miliyan uku da ke shigowa a shekara, ga tituna ƙanana masu lanƙwasa, ga cunkoson motoci. Daga babban birnin, Baleta, wanda za ka ga an rubuta Valletta a alluna, zuwa tashar jirgin fito da ke ƙarshen arewa, bas na cin fiye da awa guda. Kowane suna da ka ƙara a takarda jiran bas ne ka ƙara, da tsayuwa cikin rana. Ban ba shi shawarar hayar mota ba, ko da yake hannun hagu suke tuƙi kamar Ingila, kamar yadda mu ma muke yi kafin 1972. Neman wurin ajiye mota kaɗai ya isa ya cinye wa mutum la'asar.

Na ce masa tun farko ya tsayar da abin da zai kai shi. Teku akwai a Legas, akwai a Ingila inda yake. Rana kuwa ba Bahaushe za a tallata wa ba. Abin da Malta ke da shi wanda babu a sauran Turai, a kunne ake samunsa.

Ranar da na fara shiga bas a can, wata tsohuwa tana magana da direba, sai na ji kalmomi suna faɗowa kamar na san su. Na kasa kunne sosai. Harshen Malta jikan Larabci ne, irin wanda aka yi a Sisili da arewacin Afirka, ya sha Italiyanci da Turanci daga baya, ana rubuta shi da baƙaƙen boko, kuma shi kaɗai ne daga dangin Larabci a cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Dubi ranakun makonsu: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Ka karanta su a hankali za ka ji Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. A kasuwa in mai kifi ya ce ħamsin, hamsin yake nufi. In ya ce sittin, sittin ɗin da ka sani ce. Mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, masu riƙo da cocinsu ƙwarai, amma Ubangiji a bakinsu Alla ne. Azuminsu na kwana arba'in sunansa Randan, bikin Ista L-Għid, wato Idi, Kirsimeti kuma Il-Milied, tushe ɗaya da maulidi. Mu mun karɓi waɗannan kalmomi a kudancin Sahara ta hannun malamai da fatake, su sun gaje su a tsakiyar Bahar Rum, sai ga mu mun haɗu a kujerar bas. Wanda ke gudu daga wannan dutse zuwa wancan don ɗaukar hoto ba zai taɓa jin wannan ba, domin ji yana son zama.

Yadda aka yi haka ba ɓoyayye ba ne. Rundunar Aglabawa daga ƙasar da yau ake kira Tunisiya ta ci tsibirin a shekarar 870. A 1091 Roja, basaraken Normawa na Sisili, ya karɓe shi, amma Musulmi suka ci gaba da zama har tsakiyar ƙarni na 13, lokacin da aka kori waɗanda suka ƙi sauya addini. Addinin ya tafi, harshen ya zauna, sunayen wurare ma suka zauna: Imdina, Rabat, Marsa. A 1530 aka ba ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Sen Jon tsibirin. A 1565 Sarkin Turkawa Sulaimanu ya aiko da runduna ta yi musu ƙawanya daga Mayu zuwa Satumba ba ta ci nasara ba, shekara ta gaba suka aza harsashin Baleta, aka sa mata sunan shugabansu. Nafoliyon na Faransa ya kore su a 1798, Ingilishi suka shigo a 1800, suka zauna har 21 ga Satumba 1964, shekara huɗu bayan sun bar Najeriya. Shi ya sa kusan kowa ke jin Turanci, shi ya sa kuma cajar wayarka mai baki uku za ta shiga bangonsu ba gardama.

Saboda haka Asabar ɗin duka na ba tsibirin Gozo, kuma saboda dutse guda. Tun 2021 akwai jirgin ruwa mai sauri da ke tashi daga Baleta ya kai Gozo cikin kamar minti 45, ya hutar da kai doguwar tafiyar bas. Daga tashar ka hau zuwa babban garin, wanda hukuma ke kira Biktoriya, mutanensa kuma har yau Rabat suke cewa. A saman tudu akwai tsohuwar ganuwa, a cikinta akwai ƙaramin gidan tarihi, a cikinsa akwai allon marmara da aka sassaƙa da rubutun Larabci irin na Kufi. Alamar kabarin wata yarinya ce, Maimuna 'yar Hassan ɗan Ali, wadda ta rasu ranar Alhamis 16 ga Sha'aban na shekarar 569 bayan Hijira, daidai da Maris 1174. A bayan allon akwai adon Rumawa, alamar tsohon dutse aka samu aka juya aka yi rubutun. Wanda ya yi makarantar allo zai gane bisimillar da ke sama ba sai an karanta masa ba.

Na daɗe tsaye gaban dutsen nan. Babu unguwa a ƙasar Hausa da ba ta da Maimuna, wadda ake kira Munari ko Maimu, wadda ake aika sayen ƙuli ko ɗebo ruwa. Ga wata nan ta riga su da shekara fiye da ɗari takwas, iyayenta sun ji zafin rashinta har suka nemi gwanin sassaƙa ya rubuta sunanta da na kakanta da ranar da ta tafi. Shekara 83 ke nan bayan mulki ya bar hannun Musulmi, amma ana rubutu da Larabci, ana ƙirga wata da Hijira. Littafin tarihi zai gaya maka wannan a layi ɗaya ka manta. Gani ya kori ji. Na ce wa ɗan yayata ya bar matarsa ta karanta da kanta, kada ya yi mata gaggawa, su yi wa yarinyar addu'a, sannan su hau ganuwar su dubi gonaki da ƙauyuka har bakin teku. A nan ne a 1551 jiragen Turkawa suka kwashe kusan duk mutanen tsibirin, dubbai, aka kai su bauta Tarabulus. Mayaƙan Sen Jon su ma sun riƙe bayi Musulmi a Malta har zuwan Faransawa. Tekun nan ba ɓangare ɗaya ya cuta ba, kuma baƙon kirki ya san duka biyun.

In da sauran ƙarfi bayan azahar, Jigantiya na kusa: ɗakunan ibada na manyan duwatsu da aka gina wajen shekara 3,600 kafin haihuwar Annabi Isa, sun girmi dalar Masar. Awa ɗaya ta isa. Sai a koma tasha da wuri, musamman in iska ta taso, domin ƙaramin jirgi ba ya jayayya da igiyar ruwa.

Wurin da muka fi ja da shi shi ne tsibirin Komino da ruwansa shuɗi garau, wanda duk mai tallar Malta ke sa hotonsa. Ya ce, "Kawu, ai in ba mu je nan ba kamar ba mu je ba." Na ce masa ruwan yana da kyau, ban musa ba. Amma tsibiri ne da mazaunansa na dindindin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, babu inuwar kirki, kuma cunkoson ya kai inda tun Mayun 2025 hukuma ta sa sai an yi rajista ta intanet kafin a sauka, ta kuma ƙayyade mutum 4,000 a lokaci guda. Ka auna: dubu huɗu shi ne bayan an rage. Rabin yini zai tafi a layin jirgi da neman inda za a ɗora ƙafa, ga shigar mutane a bakin ruwa wadda na san matarsa ba za ta sake da ita ba. Wanda ya iya iyo, yake da mako guda, yake iya sammako, ya je, ba laifi. Mai kwana biyu da ya ba Komino rabin yini ya sayar da Maimuna ya sayi hoton da dubban mutane suka riga shi ɗauka.

Masauki na ce ya nema a cikin Baleta ko a Birgu da ke tsallaken mashigin ruwa, kada arha ta ja shi unguwar gidajen rawa ta Sen Juliyan, inda ba a barci daren Asabar. Baleta ƙarama ce, tsawonta kamar kilomita ɗaya, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tun 1980. Daren Juma'a ya ishe su su taka ta a ƙafa, su tsaya a lambun Baraka na sama su ga fitilun tashar jiragen ruwa. Titunan matakala ne hawa da sauka, a bar takalmi mai tsini a gida. Babban cocin Sen Jon da ke ɗauke da zanen da mai zane Karabajo ya yi a 1608 ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ran Lahadi, don haka ko dai a ba shi safiyar Asabar a rage Gozo, ko a haƙura. Ni na ce su haƙura.

Lahadi da sassafe sai Marsashilok, ƙauyen masunta, ranar kasuwar kifi. Kwale-kwalensu fentin shuɗi da rawaya da ja, kowanne da idanu biyu a goshi. A je kafin ƙarfe tara, lokacin da matan gari ke ciniki, a tsaya kusa a ji ƙirga. Oktoba kakar wani kifi ce da suke kira lampuki, wanda ake kamawa daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen shekara, kuma shi ne mafitar Musulmi a teburinsu. Abincin da suke alfahari da shi zomo ne, amma da giya ake dafa shi, ga batun yanka, sai a bar musu. Akwai ftira, burodi mai rami da ake cusa wa kifin gwangwani da tumatir da man zaitun. Akwai pastizzi, ɗan gashi mai cuku ko wake a ciki, mai arha. A tambayi irin kitsen da aka murza shi da shi, tambaya ba ta zubar da girma. Ruwa kuma a riƙe shi da daraja. Ƙasar ba ta da kogi ko tafki, kaso mai yawa na abin da ke fitowa a famfo ruwan teku ne da aka cire wa gishiri da inji. Wanda ya taso yana jin kukan kurar mai ruwa a ƙofar gida bai kamata ya je garin mutane ya saki famfo yana waya ba.

Da la'asar sai Imdina, tsohon babban birni, mai ganuwa da lunguna matsattsu inda motoci ƙalilan ke shiga. Da yamma ayarin baƙi ya watse, dutsen ginin ya koma launin zuma, mutum ya ji takun ƙafarsa. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zinder zai gane hikimar: lungu mai lanƙwasa yana tsare inuwa, yana rikita maƙiyi. Ba a zuwa Imdina da jeri. A shiga ta ƙofa, a ɓata, a fito.

Akwai gari ɗaya da bai sa a takardarsa ba, ni na rubuta masa shi a gefe: Pawola, minti kaɗan a bas daga Baleta. Ba shi da bakin teku, ba a buga shi a katin gaisuwa. A nan babban masallacin ƙasar yake, Masallacin Maryam al-Batul, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978. Wanda jirginsa ya sauka da safiyar Juma'a zai samu jam'i a can. A nan kuma akwai Hal Safliyeni, kabarin ƙarƙashin ƙasa mai hawa uku da aka fafe cikin dutse dubban shekaru da suka wuce, wanda magina suka faɗa wa a 1902. Mutum 80 kacal ake bari su shiga a yini don numfashin jama'a na lalata zanen bango, tikiti kuwa makonni kafin ranar yake ƙarewa. Ka ga su kansu masu wurin sun san cewa yawa na ɓata abu.

Abu na uku a Pawola shi ne babbar maƙabartar Adolorata. A watan Afrilun 2015 wani jirgi maƙare da 'yan ci-rani ya kife bayan ya taso daga Libiya, mutane wajen 800 suka halaka. Gawa 24 aka kawo Malta, limamin Musulmi da bishop suka yi musu addu'a tare, aka binne su ba suna, sai lamba. Malta ba ta kai kilomita 400 daga gaɓar Libiya ba. Da yawa daga masu bin wannan hanya daga Afirka ta Yamma ta Agadas suke ratsawa, ta yankinmu, a bayan motocin da muka sani, wasu da yarenmu a bakinsu. Ba ina cewa mai hutu ya sa baƙin kaya ya hana kansa dariya ba. Hutu halal ne, kuma wanda ya yi wata da watanni yana tsayuwar dare kan marasa lafiya ya cancanci ya zauna bakin ruwa ya sha iska da matarsa. Amma ruwan da zai zauna yana kallo shi ne wannan ruwan, kuma zai ga samari baƙar fata a wuraren gini da bayan ɗakunan girki, waɗanda ba ta filin jirgin sama suka shigo ba. Na ce masa in ya haɗu da su ya yi sallama, ya tsaya a gaisa sosai, irin gaisuwar gida mai tambayar gajiya da iyali. Wataƙila wani a cikinsu ya yi shekara bai ji an ce masa sannu da aiki ba.

Bayan kwana uku ya sake kira. Ya ce ya samu ranar ganawa a ofishin biza cikin watan Agusta, matarsa kuma ta karɓi takardar ta duba da kanta. Ta amince da Gozo da kasuwar kifi da Imdina, ta ce Jigantiya sai in ƙafa ta yarda. Sannan ta ce ya roƙi canjin aiki su tashi daren Alhamis, don ya samu Juma'a a Pawola, daga masallaci kuma su taka zuwa maƙabartar tare.